Zaki Ɗaya, Kundi Uku: Me Masu Binciken Jami'a Ke Nema a Dajin Kenya?

Me ya haɗa ɗalibin kasuwanci da ɗalibin adabi da mai nazarin namun daji a bakin kogi ɗaya? Kuma kundin da kowannensu zai rubuta, yana da wani amfani ga makiyayin da zaki ya karya wa saniya, ko kuwa ƙura kawai zai je ya sha a ɗakin karatu?

Abin da ya ta da zancen shi ne wani bidiyo da ya karaɗe intanet a watan Agusta na 2025, daga gandun dajin Masai Mara da ke kudu maso yammacin Kenya. An ga 'yan yawon buɗe ido sun sauko daga motocinsu sun yi cirko-cirko a bakin kogi, ga kuma garken nyumbu, wato dabbobin nan dangin gwanki masu ƙaura tsakanin Tanzaniya da Kenya duk shekara, suna neman wurin tsallakewa an tare musu hanya. A watan ne kuma aka buɗe wani masaukin alfarma na Ritz-Carlton a cikin gandun, sai wani ɗan fafutuka ɗan ƙabilar Masai ya garzaya kotu yana cewa a kan hanyar dabbobi aka gina shi. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar, KWS, ta musanta, ta ce bayanan na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa dabbobin shekara da shekaru ba su nuna haka ba. Duk wanda ya buɗe baki a rikicin sai ya ce "bincike ya nuna". Ba kasafai ake tambayar wane bincike ba, wa ya yi shi, da kuɗin wa, kuma wace tambaya ya sa a gaba tun farko.

Wane irin bincike ake nufi?

Ana nufin aikin da ɗalibi ke yi don samun digiri na biyu ko na uku. Na biyun yakan ɗauki shekara biyu, ta farko a aji, ta biyu a kan kundi. Na ukun, wanda ake ce wa digirin digirgir, aƙalla shekara uku ne, kuma kusan duka bincike ne. Ɗalibi zai tsara abin da yake son ganowa, ya kare tsarin a gaban malamai, sannan ya nemi izini. A Kenya hukumar NACOSTI ce ke ba da lasisin bincike, in kuma aikin ya shafi namun daji sai an bi ta cibiyar bincike da horarwa ta WRTI da ke Naivasha. Bayan an dawo daga daji an rubuta, sai a aika wa wani malami na wata jami'ar ya duba, a ƙarshe ɗalibin ya zauna ya kare aikinsa baki da baki.

Abin da ya raba kundi da rahoton ƙungiya ko tallan kamfani shi ne tilas ya bayyana yadda aka yi aka samu sakamakon: mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, a wane wata aka ƙirga dabbobin. Wannan ne ke ba wani damar ya biyo baya ya ce an yi kuskure. Kuma yawancin alƙaluman da manyan farfesoshi ke kafa hujja da su, ɗalibai ne suka sha rana suka tattaro.

Kafin a sayar da daji, sai da aka rubuta shi

Mutane sun fi mamakin ganin adabi a cikin wannan lissafi, alhali kuwa shi ne tushen cinikin. Baturen da ya biya dubban daloli ya taso daga Landan ko New York bai taɓa taka Mara ba. Abin da ya saya hoto ne da ke cikin kansa, kuma marubuta ne suka zana masa shi.

A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka a Mombasa don farauta. Shi da ɗansa sun kashe manyan dabbobi 512, ya koma gida ya wallafa labarin tafiyar a 1910, attajiran Turai da Amurka suka yi ta kwararowa don su ma su ɗana. Karen Blixen, 'yar ƙasar Denmark da ta yi gonar kofi a gindin tsaunukan Ngong daga 1914 zuwa 1931, ta fitar da littafinta Out of Africa a 1937. Da aka mayar da shi fim a 1985 ya lashe kyautar Oscar bakwai, shekara guda bayan nan gidan da ta zauna ya zama gidan tarihi. Har yau unguwar da gidan yake a Nairobi sunanta Karen, kuma masu masauki a daji suna ci gaba da ƙawata tantunansu da fitilar kwai da akwatin fata irin na wancan zamani, domin abin da baƙo ke tsammanin gani ke nan.

To me ɗalibin adabi zai yi da wannan? Zai ɗauki irin waɗannan littattafai, ya haɗa da takardun talla na kamfanonin yawon buɗe ido na yau, ya karanta su da tambaya ɗaya: su wa ke cikin hoton, su wa aka cire? Abin da masu irin wannan nazari suka sha nunawa shi ne dajin da ake tallatawa daji ne da babu mutane, ko kuma mutanen sun zama ado. Ɗan Masai yana nan da jan mayafi da mashi yana tsalle a gaban kyamara, amma ba a nuna shi yana rigimar takardar fili, ko yana neman kuɗin makarantar 'yarsa. Marigayi Ngugi wa Thiong'o, fitaccen marubucin nan ɗan Kenya wanda ya rasu a watan Mayun 2025, ya sanya littafin Blixen a jerin mafiya haɗari da aka rubuta a kan Afirka. Hujjarsa ita ce da irin ƙaunar da take yi wa dabbobinta take siffanta ma'aikatanta baƙar fata, kuma raini in ya zo da taushin murya ya fi saurin shiga.

Dajin kuwa bai taɓa zama wofi ba. Yarjejeniyoyin da Turawan mulkin mallaka suka ƙulla da Masai a 1904 da 1911 ne suka kwashe su daga makiyayansu na Naivasha da Laikipia zuwa kudu. Da aka zo kafa gandayen gwamnati, na Nairobi a 1946, na Tsavo a 1948, na Amboseli a 1974, wuraren kiwo da farauta da mashayar jama'a aka shata. A Amboseli fadamun da shanu ke sha da rani ne suka faɗa cikin iyakar gandun. Duk ɗalibin kasuwancin da bai san wannan tarihi ba, zai je da takardar tambayoyinsa ya tarar mutanen gari suna fushi da gandun, ya dawo ya rubuta cewa suna buƙatar wayar da kai.

Akwai wani ɓangaren na adabin da aka fi mantawa. A 1968 Ngugi da takwarorinsa malamai biyu, Henry Owuor-Anyumba da Taban lo Liyong, suka rubuta wa hukumar kwalejin jami'a ta Nairobi takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi, a kafa na adabi wanda zai sa Afirka a tsakiya. Ɗaya daga abin da hakan ya haifar shi ne adabin baka ya zama darasi na sosai, ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna naɗo tatsuniyoyi da waƙoƙi da karin magana. A cikin waƙoƙin makiyaya da labaransu akwai bayanin yadda suke kallon zaki da kura da giwa, da wace dabba ake kashewa da wadda ba a taɓawa. A ganina wannan taska ce da masu kare namun daji ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba, don galibinsu ba sa leƙa sashen adabi.

Lissafin ɗan kasuwa

Daɗaɗɗiyar tambayar masana tattalin arziki ita ce nawa dabba take kawowa. A 1981 Philip Thresher ya yi lissafin cewa namijin zaki ɗaya a Amboseli zai iya jawo dala 515,000 na kuɗin ƙetare a tsawon rayuwarsa in aka bar shi ana kallo, alhali maharbi mai lasisi abin da zai kashe a kansa bai wuce dala 8,500 ba. An yi ta yawo da wannan lissafi a taruka, don ya dace da matakin da Kenya ta ɗauka a 1977 na haramta farautar nishaɗi. Sai dai lissafin ya faɗi abin da zakin ke kawo wa ƙasa ne, bai faɗi aljihun da kuɗin ke shiga ba.

Alƙaluman gwamnati sun ce a 2024 baƙi kusan miliyan 2.4 suka shiga Kenya, aka samu shilin Kenya biliyan 452. Ɗalibi mai lura zai fara da tsefe wannan adadi. Ƙasa da rabin baƙin ne suka ce hutu ya kawo su, sauran 'yan kasuwa ne da mahalarta taro da masu ziyarar dangi, kuma Uganda da Tanzaniya suna sahun gaba a ƙasashen da baƙin ke fitowa. Ke nan ba duk wanda aka ƙirga a filin jirgi ne ya je ganin giwa ba.

Daga nan sai abin da ake kira yoyon kuɗi. Baƙo ya biya wakilin tafiye-tafiye a ƙasarsa, ya hau jirgin kamfanin waje, ya sauka a masaukin da wataƙila masu shi ba 'yan ƙasa ba ne, ya sha abin da aka shigo da shi. Bin sawun wannan kuɗi mataki-mataki har a ga abin da ya rage wa direba da mai dafa abinci da matar da ke sayar da duwatsun ado a ƙofar gandu, shi ne aikin da ya fi cancanta a ba ɗalibin kasuwanci. Shi ne kuma mafi wuya, domin kamfanoni ba sa buɗe littafin kuɗinsu ga ɗalibi. Shi ya sa kundaye da yawa ke komawa ga abin da ke da sauƙi: a raba takardar tambayoyi ga manajojin otal a Nairobi ko Mombasa, a tambaye su ko tallan intanet na ƙara musu ciniki, su ce e, a zana jadawali, a karɓi digiri.

Sana'ar ga ta da saurin firgita. Harin ofishin jakadancin Amurka na 1998, rikicin bayan zaɓen 2007, harin cibiyar kasuwanci ta Westgate a 2013, kowanne sai da ya kori baƙi. Annobar korona ta fi su duka: daga baƙi sama da miliyan 2 a 2019, adadin ya faɗo ƙasa da 600,000 a 2020.

Abin da masu ƙirga dabbobi suka gano

Tun 1977 gwamnatin Kenya take ƙirga dabbobin makiyayarta daga jirgin sama. Joseph Ogutu, masani ɗan Kenya da ke Jami'ar Hohenheim a Jamus, shi da abokan aikinsa suka tattara alƙaluman suka wallafa sakamakon a 2016. Namun daji sun ragu da kashi 68 cikin 100 tsakanin 1977 da 2016. A daidai lokacin shanu ma sun ragu da kusan kashi 25, tumaki da awaki kuwa sun ƙaru da kashi 76. Wato a shekarun da kuɗin yawon buɗe ido ke hauhawa, abin da ake zuwa kallon yana ƙarewa.

Ba dukkan labarin ne baƙi ba. Giwayen ƙasar da aka ƙiyasta sun kai 167,000 a 1973, masu farautar haure sun mayar da su ƙasa da 20,000 kafin ƙarshen shekarun 1980. A 1989 Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta, a 2016 Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105. Ƙidayar ƙasa ta 2021 ta sami giwaye 36,280 da zakuna 2,589. Giwa ta farfaɗo saboda an zuba kuɗi da bindiga wajen gadinta. Raƙumin dawa da gadu da ƙananan dangin barewa, waɗanda ba su da masu yi musu kamfe, su suka fi shan kashi.

Shi kansa kallon yana da illa. Femke Broekhuis ta bi diddigin rabbi, damisar nan mai gudun tsiya, a yankin Mara, ta wallafa a 2018 cewa uwar da ke zaune inda motocin baƙi suka yi yawa, a matsakaicin lissafi ɗa 0.2 take iya rainawa har ya girma, wadda ke wurin da motoci ba su da yawa kuwa 2.3. Da rana rabbi ke farauta, daidai lokacin da direbobi ke kiran juna ta rediyo su yi mata zobe, kowa na son baƙonsa ya sami hoto don ya sami tukuici.

Su ma masanan ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. An daɗe ana cewa nyumbu masu ƙaura sun kai miliyan 1.3, bisa ƙidayar jirgin sama. A 2025 wasu masu bincike na Jami'ar Oxford suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam da ƙirƙirarriyar basira, suka ƙirgo ƙasa da 600,000. Su da kansu sun ce wannan ba ya nufin rabin garken ya mutu, hanyoyin ƙirgar ne suka bambanta. Amma darasi ne ga mai jin "bincike ya nuna" ya ɗauka an gama magana.

Hayar fili: inda lissafin ya haɗu da makiyayi

Gandayen gwamnati ba su wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar Kenya ba, kuma ana ƙiyasta kusan kashi 65 na namun daji a wajensu suke rayuwa, a filayen jama'a. Dabbar ta gwamnati ce a doka, ciyawar da take ci da saniyar da take kashewa na makiyayi ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin da aka fito da shi shi ne gandun al'umma. Bayan an rarraba filayen kiwo na haɗaka a yankin Mara an ba kowa takardarsa, sai masu masaukai suka fara haɗa masu filaye da yawa su karɓi hayar filayen, suna biyan kowa kuɗi duk wata, da sharaɗin a cire shinge, a tashi daga wurin, a taƙaita kiwo. Olare Orok da aka kafa a 2006 na cikin na farko-farko. Dokar namun daji ta 2013 ta amince da tsarin, yanzu irin waɗannan gandaye sun haura 160 a faɗin ƙasar.

A nan ne kundayen digiri suka yi rawar gani. Philip Osano, ɗan Kenya da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar McGill ta Kanada, ya nazarci Olare Orok, ya nuna cewa kuɗin hayar ya zama madogara ga iyalai, musamman lokacin fari da shanu ke mutuwa, don shi ba ruwansa da ruwan sama. Claire Bedelian, wadda ta yi nata digirin a Landan a kan yankin, ta haska ɗaya gefen: mai takardar fili kaɗai ake biya, takardun kuwa galibi da sunan maza magidanta aka yi su. Mata da matasan da ba a yi rabon da su ba, da duk wanda bai sami fili ba, sun rasa wurin kiwo ba su kuma shiga jerin masu karɓar kuɗi ba. Shanun da aka hana shiga gandun ba ɓacewa suka yi ba, matsawa suka yi suka cunkushe a filayen maƙwabta, wasu kuma a saci jiki a kora su cikin gandun gwamnati da dare.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa ba domin shi ba da tuni an kewaye filayen da waya an shuka alkama, kamar yadda ya faru a arewacin gundumar Narok, inda Mara take. Masu suka, irin su masanin namun daji Mordecai Ogada, suna ganin wata sabuwar hanya ce ta raba makiyayi da ƙasarsa da sunan kare dabba. Korona ta gwada ƙarfin tsarin: da baƙi suka ɗauke ƙafa a 2020, sai da masu filaye a Mara suka haƙura da rabin kuɗin haya. Duka ɓangarorin biyu suna da abin kafa hujja a cikin kundayen nan, abin da ke nuna an yi aikin da gaskiya.

Kundi biyu da suka bar kan kanta

Masu kiwon zuma a arewacin Kenya sun daɗe da sanin giwa ba ta son itacen da ke da amya. Lucy King ta ɗauki wannan sani ta mayar da shi aikin digirinta na uku a Oxford, tare da ƙungiyar Save the Elephants. Da farko ta naɗi ƙugin ƙudan zuma, ta ɓoye lasifika kusa da iyalan giwaye da ke hutawa a inuwa, ta kunna. Mafi yawansu suka tashi suka bar wurin suna kaɗa kai suna watsa wa jikinsu ƙura. Duk kaurin fatar giwa, ƙudan zuma na samun ta a gefen ido da bayan kunne da cikin hanci.

Daga nan aka ƙera shingen. Ana kafa turaku a kewaye gona, a rataya amya ɗaya duk bayan mita 10, a yi mata 'yar rumfar ciyawa saboda rana, a haɗa amyoyin da siririyar waya. Tsakanin kowace amya ta gaske da ta gaba akan saka ta bogi, allo ne kawai mai siffar amya, don rage tsada. Giwa ta zo da dare za ta shiga masara, ƙirjinta ya ture wayar, amyoyi su yi lilo, ƙudan su fito a fusace. A ƙauyukan Sagalla da ke gefen Tsavo an ga shingen yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro gona, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. Yana da iyakarsa: in fari ya yi tsanani furanni suka bushe, ƙudan kan gudu su bar amya wayam, a daidai lokacin da yunwa ta fi tura giwa gona.

Na biyun na Leela Hazzah ne, wadda ta zauna cikin Masai a yankin Amboseli tana ɗalibar Jami'ar Wisconsin, tana neman sanin dalilin da ke sa samari kashe zaki. Ta ga abin ya haɗa ramuwar gayya da neman suna da kuma fushi da hukuma. A 2007 ita da Stephanie Dolrenry suka kafa shirin Lion Guardians, wato masu gadin zaki, inda ake ɗaukar samarin da suka ƙware wajen bin sawun zaki aiki. Da asuba su fita su duba sawu, su gaya wa makiyaya inda zakuna suke don a kauce, su nemo dabbobin da suka ɓata kafin dare, su taimaka a gyara shingen garke. Sunan da saurayi ke samu da in ya soki zaki, yanzu yana samun sa ne in zakin da aka ba shi amana ya rayu. Wani nazari na 2014 ya ce kisan zakuna ya ragu da kashi 99 cikin 100 a inda shirin ke aiki, ko da yake yana da kyau mai karatu ya san masu shirin suna cikin waɗanda suka rubuta nazarin.

Abin lura a ayyukan biyu shi ne kowanne ya fara da sauraron mutanen wurin, kuma kowanne ya tsallake iyakar fanninsa.

Wa ke riƙe da alƙalamin?

Mai karatu zai lura sunayen jami'o'in da aka ambata galibi na waje ne. Binciken daji yana cin kuɗi: mota mai ƙarfi, mai, na'urar bin sawu, albashin mataimaka, shekara biyu ko uku a tanti. Ɗalibin Oxford kan zo da tallafi. Takwaransa na Jami'ar Moi ko ta Nairobi ko ta Maasai Mara da ke Narok sau da yawa ma'aikaci ne da ke karatu da yamma yana biya daga albashinsa. Dole ya zaɓi batun da zai gama da kuɗin mota da na buga takarda. Mai ba da tallafi kuma shi ke zaɓen tambaya, kuma masu ba da tallafi sun fi son giwa da karkanda a kan rigimar takardar fili. Sau da yawa ɗan ƙasa shi ne ya san hanya, shi ya yi tafinta, shi ya tattaro bayanan, amma sunansa a shafin godiya yake ƙarewa.

A cikin gida ma akwai gyara. Ƙa'idar hukumar kula da jami'o'in Kenya ita ce malami ɗaya kada ya duba fiye da ɗalibai uku na digiri na uku da biyar na digiri na biyu a lokaci guda, kuma ɗalibin digiri na uku sai ya wallafa maƙala biyu a mujallun ilimi kafin a yaye shi. A 2019 wata jami'ar gwamnati ta yaye masu digirin digirgir 118 a biki ɗaya, hukumar ta bincika ta tarar an ɗora wa wasu malamai ɗalibai fiye da ƙima. Sharaɗin wallafawar kuma, duk da kyakkyawar niyyarsa, ya buɗe kasuwa ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba.

Ina abin zai taɓa talaka?

Wuri na farko shi ne diyya. Dokar 2013 ta ce wanda dabbar daji ta kashe a biya iyalansa shilin miliyan 5, wanda ta naƙasa miliyan 3. A aikace bashin diyyar ya taru ya kai biliyoyin shilin, iyalai na shafe shekaru suna jira. Sanin inda aka fi samun ɓarna, da watan da aka fi samu, da ainihin asarar da gida ɗaya ke yi a shekara, aikin ɗalibai ne, kuma da shi ne majalisa za ta iya ware kuɗin da ya dace.

Na biyu farashin shiga. Daga 2024 gundumar Narok, wadda ke riƙe da Masai Mara, ta mayar da kuɗin shigar baƙon waje dala 100 a watanni shidan farko na shekara, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Masu goyon baya na fatan tsadar ta rage cunkoson motoci ba tare da kuɗin shiga ya ragu ba. Ƙananan masu motoci da masu masaukai masu araha suna tsoron baƙin da ke zuwa wurinsu ne za su fara janyewa, ko su karkata gandun Serengeti na Tanzaniya. Wannan tambaya ce da za a iya amsawa da alƙaluman ƙofa da na albashi, in gundumar ta yarda ta buɗe su.

Na uku tsohuwar muhawarar farauta. Masanin tattalin arziki Mike Norton-Griffiths ya daɗe yana cewa haramcin 1977 ya sa dabba ta zama asara zalla ga mai filin da baƙi ba sa zuwa wajensa, kuma mafi yawan makiyayar Kenya baƙi ba sa taka ta. Masu wannan ra'ayi na nuni da Namibiya, inda al'umma ke samun kaso daga kuɗin farauta. Masu adawa na nuni da abin da ya faru tsakanin 2023 da 2024, lokacin da maharba masu lasisi a arewacin Tanzaniya suka harbe manyan toron giwaye biyar a yankin da giwayen Amboseli ke tsallakawa. Giwayen Amboseli su ne waɗanda shirin binciken giwaye da masaniya Cynthia Moss ta fara a 1972 ya san su ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da iyayensu, kuma sabon da suka yi da motocin masu kallo ya sa ba sa gudun mutum. A gefen Kenya toron giwa ɗaya kan yi shekaru yana jawo masu kyamara, da ya taka 'yan kilomitoci zuwa kudu kuma wata doka ce ke hawa kansa. Masu binciken sun roƙi gwamnatin Tanzaniya ta dawo da fahimtar da aka yi a tsakiyar shekarun 1990 ta daina farautar giwa a bakin iyakar, masu kamfanonin farauta kuma suka ce kuɗinsu ne ke riƙe da dazuzzukan da ba mai zuwa ɗaukar hoto.